Watan Aro a Adabinmu

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da waƙoƙin da matasa irinmu ke rubutawa, da zanen da ake ƙawata littattafan yara da shi, watau yadda ake siffanta wata. Sau da yawa watan da ke kan takarda ba shi ne wanda ke fitowa a ƙasar Hausa ba, na aro ne. Ga hujjojina, mai karatu ya auna.

Da farko mu ɗauki jinjirin wata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Wudil bayan magariba ran da wata ya tsaya, ya san galibi a kwance yake, ƙahonninsa biyu suna duban sama, kamar kwale-kwalen masunta a bakin kogi. In ma ya karkata, kaɗan ne. Dalili kuwa shi ne, wata ba shi da hasken kansa, gefen da ke fuskantar rana shi ke haske. Wudil tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda rana ke faɗuwa kusan a miƙe, saboda haka takan zama a ƙarƙashin jinjirin, ta haska shi ta ƙasa. A Landan kuwa, wadda ke digiri 51, a karkace rana ke faɗuwa, sai jinjiri ya fi zama a tsaye, haskensa ta hannun dama. Mutumin kudancin Ostareliya ta hannun hagu yake ganin hasken. Wata ɗaya ne, matsayar masu kallo ce ta bambanta. To, mai zanen da ya kafe jinjiri a tsaye bisa rumbu da dabino, littafin Turawa ya duba, bai ɗaga kai sama ba.

Na biyu, jinsi. A Hausa wata namiji ne, rana mace, har ma muka yi masa mata, muka ce Zara matar wata. Haka abin yake a Larabci. Faransanci ne ya juya su, mawaƙan Ingilishi kuma sukan ɗauki wata a matsayin mace. Ba na ƙin a kwatanta budurwa da wata ɗan daren goma sha huɗu, don haske ake nufi. Amma mawaƙin da ya ɗaura wa wata kallabi ya naɗa shi sarauniya, ya kashe auren Zara bai sani ba.

Na uku, dabbare-dabbaren da ke fuskarsa. Duk duniya fuska ɗaya muke gani, bayansa kuwa ba a san kamarsa ba sai a 1959, da na'urar Rasha mai suna Luna 3 ta ɗauko hotonsa. Dabbaren nan filaye ne na narkakken dutse da ya daskare, a ɗayansu ne ma Amurkawa suka sauka cikin Yuli 1969. Duk da haka Bature fuskar mutum yake gani a ciki, mutanen Sin da Japan kuwa zomo. Ashe ke nan kowa da idon tatsuniyar gidansu yake kallo.

Mu ma ba mu rasa namu idon ba. Muna da farin wata sha kallo, mai cika dandali da gaɗa da langa. Muna da watan azumi da ake tsayuwar nema, da tashen da yara ke fara yi in ya kwana goma. Muna da daren husufi, sa'ad da akan ce rana ta kama wata, yara su fito suna bugun gwangwani.

Ba cewa nake aro haramun ne ba. Abubakar Imam ya aro labarai daga ƙasashe da dama a Magana Jari Ce, amma sai da ya sa musu riga da hula irin tamu. Wanda bai yi haka ba, zanen aro ya ɗaura, shi kuwa ba ya rufe katara. Haɗarin shi ne yaro ya tashi yana gaskata takarda, yana ƙaryata idonsa. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu sa alƙalami a kan wata, mu fita tsakar gida mu dube shi tukuna.