Tuwon Rumfa da Kazar Gilashi: Sharhi kan Cin Abinci a Waje a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Malumfashi ta ratsa Bakori ta faɗa Funtuwa, ya san ba a kwana da yunwa a kanta. Tun daga tasha har bakin kasuwa akwai mai tuwo, da mai shinkafa da wake, da mai waina, da mai shayi, ga kuma mahauta da tukubarsu da zarar la'asar ta yi sanyi. Amma ɗan kasuwar hatsin da ya ci tuwon masara a rumfar wata dattijuwa ranar kasuwar Ɗandume, idan ya kai kaya Kaduna ko Kano, sau da yawa yakan wuce masu tuwon can, ya shiga gidan abinci mai gilashi, irin masu rassa gari-gari, ya biya ninkin abin da ya saba biya, ya kuma fito cikinsa da saura. Haka ɗalibai da ma'aikata suke yi, haka matan aure in an fita da su. Tambayar da wannan maƙala za ta bi ita ce, me mutumin nan ya saya da kuɗinsa?

Amsar da aka fi saurin bayarwa a majalisa ita ce kwaikwayon Turawa da son a sani. Tana da daɗin faɗi, sai dai ba ta jure bincike. Gidajen da suka fi yaɗuwa a Nijeriya a nan gida aka haife su. An buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986, a ƙarƙashin kamfanin UAC, watau kamfanin nan da kakannin manoman yau suka sani da awon gyaɗa da auduga. Chicken Republic ma a Legas ya fara a 2004. KFC, wanda shi ne na Amurka, sai a 2009 ya shigo. Sa'an nan abin da aka fi ci a ciki shinkafa dafa-duka ce da soyayyar kaza, abin da kowace amarya a Ƙafur ta iya, wata ma ta fi su iyawa. Wanda ya bar shinkafar rumfa ya je ya ci shinkafar gilashi, da wuya a ce abincin Bature ne ya ja shi.

Amsa ta biyu ta masana ce. A 1993 masanin zamantakewa Ba'amurke, George Ritzer, ya fitar da littafinsa The McDonaldization of Society, inda ya ce irin waɗannan gidaje sun ginu ne a kan abubuwa huɗu: sauri, da ƙididdige kome, da tabbacin cewa abin da aka ci jiya shi za a ci yau, da sarrafa ma'aikaci da mai ci baki ɗaya. Littafin ya yi tasiri, kuma ɗaliban nazarin al'ada sukan ɗauko ma'auninsa ɗungurungum su ɗora a kan ƙasar Hausa. Idan aka gwada shi a tashar Funtuwa sai a ga ya yi gajere. Wajen sauri, babu mai kamo mai tuwo, don kafin mutum ya gama wanke hannu malmala ta sauka a gabansa. Wajen tabbas kuwa, ɗan gari ya san hannun mai miyarsa tun shekara goma, ya san ranar da take yin taushe da ranar da take yin kuka. Tabbacin da Ritzer yake magana a kai baƙo kaɗai yake yi wa amfani.

A nan ne ra'ayin nasa yake da ɗan ƙarfi, domin yankin nan na matafiya ne. Funtuwa ta bunƙasa ne da jirgin ƙasan da ya taso daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, da injin gurzar auduga, da kasancewarta mararrabar hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina da Birnin Gwari. Bafataken da, in ya sauka a garin da ba nasa ba, fatoma ne yake tsaya masa, shi zai ba shi masauki, ya ciyar da shi, ya lamunce masa a kasuwa. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari na maigida da baƙinsa a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Matafiyin yau ba ya sauka wurin kowa, saboda haka allon da ya gani a Kaduna ya sake gani a Kano shi yake zame masa mai lamuni. Shi ya sa da aka fara samun reshen Mr Bigg's da ya saɓa wa ɗan'uwansa wajen kyan abinci, jama'a suka janye, rassa da yawa suka rufe, bayan a da sun haura 150.

Amma babban dalilin yana wurin da Ritzer bai leƙa ba, kuma harshen Hausa da kansa ya nuna shi. Bahaushe ba ya raba abincin sayarwa da mai shi. Cewa yake yi mai tuwo, mai ƙosai, mai fura, mai shayi, kuma in zai tafi sai ya ce za shi wurin wance. Watau mutum ake zuwa wa, abincin yana biye. To wanda ka sani shi ma ya san ka, ya san gidanku, ya san matarka. Magidanci a Malumfashi, in aka gan shi da rana tsaka a kan bencin mai tuwo, kafin magariba magana ta zaga: ko uwargida ta yi yaji, ko cefane ya gagara. Ba banza ba kalmar tuwo-tuwo ta ɗauki wani ɗan wari a bakin jama'a, har ana ɗaga gira in an ce wance 'yar tuwo-tuwo ce, alhali sana'a take yi ta halal. Ita ma kalmar otal da aka aro ba ta tsira ba, don an haɗa ta da giya da matan banza, sai da aka koma cewa gidan abinci kafin mai mutunci ya iya ambaton wurin a gaban surukinsa. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure su ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da kan rage wa mutum kamala. Saboda haka a al'adance cin waje na baƙo ne, da gwauro, da direba, da ɗan dako, da ɗan ƙwadagon da ya zo cirar auduga.

Gidan abinci mai rassa ya zo da suna wanda babu mutum a bayansa. Ba a taɓa jin wani ya ce za shi wurin mai Chicken Republic ba. Yarinyar da ke bayan kanta ba ta san uban kowa ba, gobe ma wata za a tarar. Babu gaisuwa mai tsawo, babu tambayar iyali, babu wanda zai kai labari unguwa. Abin da magidancin nan ya biya kuɗi ya saya ke nan, watau ya ci a waje ba tare da an karanta masa gidansa ba. Wani abin lura kuma, ko da an gan shi, ganin ba ya rage shi. Wanda aka gani a rumfa ana zaton rashi ne ya kai shi, wanda aka hango ta gilashi kuwa an san samu ne. Ledar mai tambari da yake riƙowa yara tsaraba ita ce shaidarsa. Masu cewa son a sani ne sun ga rabin gaskiya, sun bar rabin da ya fi nauyi, wanda yake shi ne gudun a sani.

Ga mata abin ya fi haka zurfi. Polly Hill, a nazarinta na Ɓatagarawa da ya fito a 1972, ta nuna yadda matan kulle suke riƙe da cinikin dafaffen abinci daga cikin gida, yara suna kai musu talla. Mace ce mai dafawa, ita ce mai sayarwa, amma ba a tanadar mata wurin zama ta ci ba. Bencin rumfa na maza ne, haka teburin mai shayi. Gidan gilashi shi ne wuri na farko da malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti za ta zauna da ƙawarta, ko miji da matarsa da 'ya'yansu, su ci a fili babu mai zunɗe. Ga wurin wanke hannu, ga bayan gida mai ƙofa. James Watson da abokan aikinsa sun tarar da kusan haka a Gabashin Asiya, a littafinsu Golden Arches East na 1997, inda tsabtar bayan gida ta zama cikin abubuwan da suka ja jama'ar Hong Kong. Bai kamata son al'ada ya sa a rufe ido a nan ba. Rumfar da ke bakin kwata, da ƙuda, da ruwan wanke kwano ɗaya tun safe, ita ta kori wasu masu cinikinta da hannunta.

Sai dai abin da ake bari a rumfa ba ƙarami ba ne. Akwai gyara, watau ɗan ƙarin da mai tuwo take yi wa wanda ta saba da shi, akwai sauran miya da ake zuba wa almajiri, akwai kuma bashi, a ci yau a biya ranar kasuwa ko in an sayar da kaka. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna a littafinsa na 2014 cewa cinikin karkarar nan a kan amana da bashi da sanayya yake tafiya. An ga amfanin haka a farkon 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace. Mai katin banki ya ci a gidan gilashi in na'ura ta yarda, wanda ba shi da shi kuwa sai wurin wadda ta san fuskarsa. Na'ura ba ta san a yi haƙuri sai Laraba ba.

Cewa tsarin ne ake so, ba baƙon abinci ba, ya fito fili a gidajen Hausawa da suka ɗauki salon. Shagalinku ya yi suna a Zariya kafin ya kai Abuja, kuma tuwo da miya da masa da fura yake sayarwa. Yahuza ya ɗauke tsire da balangu da kilishi daga tukubar bakin titi ya sa su a kanti mai rassa. Abin dubawa ga masu nazarin harshe shi ne takardar jerin abinci a yawancin gidajen zamani. Da Ingilishi ake rubuta ta, kuma akan tattara tuwon shinkafa da na masara da sakwara da teba a ƙarƙashin kalma guda mai ma'anar abin haɗiya. Yaron da ya tashi da wannan takarda ba zai sami inda zai ji bambancin burabusko da dambu da fate ba, balle ya san miyar da ta dace da kowanne.

Akwai kuma wani zagaye da ya shafi yankin nan kai tsaye. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, yana cikin abubuwan da suka yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, har masara ta ture dawa a gonaki da tukwane da yawa. Yanzu kaso mai yawa na masarar da ake lodi a Ɗandume da Funtuwa da Bakori masana'antun abincin kaji take tafiya, irin wadda kamfanin Olam ya buɗe kusa da Kaduna a 2017. Manomin da ya sayar da buhu da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, shi ne zai je birni ya sayi cinyar kazar da ta ci masarar tasa. Ita kuwa mai tuwo, a kasuwa ɗaya take awo da wakilan masana'antun nan, su da tirela, ita da tiya biyar. In sun ɗaga farashi ba ta da allon da za ta sauya lamba a kai, don masu cin tuwonta maƙwabtanta ne, sai dai ta rage girman malmala ta yi shiru, su ma su gani su yi shiru.