Harshen Uwa ko Harshen Littafi? Sharhi a kan Hausar Ajin Farko

Tun shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, aka ɗora koyarwa cikin harsunan ƙasa bisa hujja guda: yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da ya tashi da shi. Dokar ilimi ta 1998 ta ƙarfafa wannan manufa. Hujjar ba ta da aibi. Abin dubawa shi ne wace Hausa ce ake kira harshen uwa a littattafan ajin farko.

Daidaitacciyar Hausa, wadda masu rubuta littattafai suke bi, an gina ta ne bisa karin harshen Kano. Hausar Damagaram tana kusa da ita, don haka giɓin bai fito fili ba a wurin da aka fara gwajin. A Adar da Gobir da Arewa kuwa lamarin daban ne. Yaron Tawa yana cewa "sunka taho", littafi ya ce "suka zo". Yana cewa "shi na" da "ita ta", littafi ya ce "shi ne" da "ita ce". Yana ƙirga "biyat", ya ga an rubuta "biyar". Yana furta "hwara", a nuna masa "fara".

Waɗannan bambance-bambance ba su hana fahimta. Illar tana zuwa ne daga yadda ake ɗaukar su a aji. Idan malami ya kira "sunka" kuskure, to yaro ɗan shekara 6 ya koyi abu biyu a rana ɗaya: baƙaƙe, da kuma cewa maganar gidansu gurguwa ce. Daga nan sai ya kama bakinsa, a ɗauka rashin ƙoƙari ne. Abin da aka gudar wa yara game da Faransanci, shi ne ya dawo musu cikin harshensu.

Masu kare tsarin suna cewa ƙa'idar rubutu guda ita ce ke ba littafin Maraɗi damar karantuwa a Katsina da Kano. Wannan gaskiya ne, kuma ba mai neman a rusa ta. Amma ƙa'idar rubutu daban, hukunta bakin yaro daban.

Saboda haka abu uku ya kamata masu tsara littattafai su lura da su. Na ɗaya, kalmomin darussan farko su kasance waɗanda duk kare-karen suka yi tarayya a kai, kamar "gida" da "ruwa" da "rana". Na biyu, jagoran malami ya ƙunshi jerin siffofin yamma, a bayyana su a matsayin Hausa ingantacciya. Na uku, a jinkirta gyaran furuci har yaro ya iya haɗa baƙi da wasali.

A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Wannan matsayi ya ƙara wa masana nauyin tabbatar da cewa ɗan Dogon Dutsi da ɗan Mirya sun shiga aji da daraja ɗaya.