Sharhi a Kan Wasan R.U.R.: Bayin da Aka Hana Magana

Mun daɗe muna jin labarin wasan kwaikwayon R.U.R., wanda Karel Capek, mutumin Cekosulobakiya, ya wallafa a 1920. Daga cikinsa duniya ta sami kalmar "robot", mai tushe daga "robota", wato aikin tilas a harshensu. Amma da muka nazarce shi, sai gwiwarmu ta yi sanyi.

Jigon wasan shi ne bauta. Kamfanin Rossum yana ƙera mutane daga wani sinadari mai kama da tsoka, su yi aiki ba lada, har suka yi tawaye suka hallaka 'yan Adam, sai Alquist magini kaɗai suka bari. To, ina muryar bayin? In ban da 'yan kalaman Radius, jagoran tawayen, Domin da manyan kamfanin ne suka cinye fili da dogayen jawabai. Daga ƙarshe marubucin ya ɗauko soyayyar ƙerarru biyu, Primus da Helena, ya mayar da su Adamu da Hauwa'u, ya rufe labule.

A ganinmu, soyayyar mutum biyu ba ta biyan haƙƙin waɗanda aka bautar. Capek ya tono babbar tambaya, sannan ya binne ta da hannunsa.