Takardar 'Yancin Amurka: Abin Yabo da Abin Zargi

'Yan makaranta da yawa sun haddace cewa Amurka ta yi shelar rabuwa da Ingila ran 4 ga Yuli, 1776, amma kaɗan ne suka taɓa zama suka karanta takardar da aka yi shelar da ita. Ita mu ke so mu auna a wannan shafi, yadda a ke auna kowane rubutu: mu dubi gininta, mu ga inda ta samo ƙarfinta, sa'an nan mu faɗi inda ta gaza.

Wakilan ƙasashe 13 da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila, Joji na Uku, su ne suka taru a Filadelfiya suka naɗa mutum 5 su tsara ta. Cikinsu har da Benjamin Faranklin da Jon Adams, amma wanda ya riƙe alƙalami shi ne Tomas Jefason, mutumin Birjiniya, yana da shekara 33. Ya gina ta kamar yadda mai ƙara ke tsara magana gaban alƙali. Da farko ya kafa ƙa'ida, sa'an nan ya jero laifuffukan da a ke tuhumar Sarki da su, guda 27, daga ƙarshe ya yanke hukunci, watau igiyar biyayya ta tsinke.

Ƙa'idar nan ba Jefason ya ƙago ta ba, shi kansa ma ya faɗi haka cikin wata wasiƙa a 1825. Ta fito daga masanan zamanin da Turawa ke kira na wayewar kai, waɗanda suka ce kome a auna shi da hankali, har da sarauta. Babbansu a wannan fanni shi ne Jon Lok, Baturen Ingila, wanda littafinsa kan mulki ya fito a 1689. Lok ya ce kowane ɗan Adam an haife shi da hakkin ransa, da 'yancinsa, da dukiyarsa. Mutane kan yarda su ɗora wani bisa kansu don ya tsare musu waɗannan, in kuwa ya juya yana cin amanar da aka ba shi, suna da ikon su sauke shi. Gwanintar Jefason ita ce ya dunƙule wannan dogon bayani cikin 'yan layuka da manomi zai ji ya gane. A wurin dukiya kuma ya sa neman jin daɗin zaman duniya, maganar ta game mai shi da marar shi.

Galibin masu karatu nan su ke tsayawa, su tsallake jerin laifuffukan, wai ba daɗi. A ganinmu kuwa nan ne zuciyar takardar. Ku duba irin ƙarar da a ke yi: Sarki ya ƙi sa hannu ga dokokin da majalisunsu suka yi, ya rushe majalisun ba sau ɗaya ba, ya riƙe albashin alƙalai a hannunsa, ya girke soja cikinsu ba lokacin yaƙi ba, an aza musu haraji ba da yardarsu ba. To, mutum ba ya kukan an rushe masa majalisa sai in dā ma yana da ita. Tun 1619 Birjiniya ta kafa majalisar zaɓaɓɓun wakilai. A Masacusets masu gida kan taru a dandalin gari su shirya kuɗin hanya da na makaranta. Mutanen Konetikat da Rod Ailan su ke zaɓen gwamnansu da kansu. A waɗansu ƙasashen kuma, ko da ya ke Sarki ke aiko gwamna, majalisa ke yanka masa albashi, wanda ya riƙe maka akushi kuwa dole ka saurare shi.

Haka suka zauna shekara wajen 150, Ingila ba ta cika sa musu ido ba. Da aka gama yaƙi da Faransa a 1763, bashi ya yi wa Ingila katutu, sai Majalisar Ingila ta aza harajin hatimi kan takardu a 1765. Ruwa ba ya tsami banza: gardamar da ta tashi daga nan ita ta kai ga zubar da akwatunan shayi 342 cikin teku a Bostan a 1773, ta kai ga harbe-harbe a 1775. Saboda haka muka ce littattafan masana sun ba mutanen nan harshen da za su yi magana da shi, amma abin da suka tashi karewa, watau mulkin kai, sun daɗe da saba shi a aikace.

Sai mu juya ga abin zargi. Na farko, takardar ta ɗora kome a wuyan Sarki, ko sunan Majalisar Ingila ba ta ambata ba, alhali ita ta yi dokokin harajin. Dabara ce, gama ba su yarda Majalisar tana da iko da su ba, amma mai neman tarihi tsantsa sai ya yi hattara, ya san maganar mai ƙara ya ke ji, ba ta shaida ba. Na biyu, ta siffanta mutanen ƙasar na asali, waɗanda a ke ƙwace wa filaye, da rashin tausayi da dabbanci, ba ta ko tuna nasu hakkin ba.

Na uku shi ya fi nauyi. Takardar da ta ce duk mutane daidai aka halicce su, an rubuta ta a ƙasar da bayi baƙar fata suka kai kusan rabin miliyan, watau wajen mutum ɗaya cikin biyar. Shekarar nan ta 1619 da aka buɗe majalisar Birjiniya, cikinta jirgi ya sauke 'yan Afirka na farko a can. Jefason kansa ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Ya rubuta wani sashe yana zargin Sarki da cinikin bayi, wakilai suka soke shi, don kada ran mutanen Karolina ta Kudu da Jojiya ya ɓaci. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango na Joji. Ba a hana bauta a Amurka duka ba sai 1865, mata kuwa ba a tabbatar musu da ƙuri'a a ƙasar baki ɗaya ba sai 1920.

Duk da haka ba mu ce a yar da takardar ba. Magana in ta fita bakin mai ita, ba shi da sauran iko da ita. A 1852 Firedarik Dogalas, wanda ya tsere daga bauta, ya tsaya gaban taro ya tuhumi Amurka da ƙa'idodin takardar nan tata, ba da na wani ba. Rubutun da za a iya kama marubucinsa da shi, lalle akwai gaskiya cikinsa da ta fi shi girma.

Shawararmu gare ku 'yan makaranta, ku nemi malaminku ya karanta muku ita tun daga fari har ƙarshe. Kowane layi kuka ji, ku tambayi kanku abu biyu: wa a ke nufi da shi, wa kuma aka bari a waje? Allah ya ƙara muku basira.