Kyauta Iri Biyu Ce a Fagen Waƙa

A birnin Katsina, mai biki kan gayyaci mawaƙi ya ce masa: "Kai dai ka zo, za a yi maka liƙi." Ba jinga, ba kafin alƙalami. Hujjarsa wai haka su Shata suka yi.

A nan aka rikita kalmar kyauta. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kyauta ake yi masa: riguna, dawaki, motoci. Makaɗan fadar Sarkin Katsina kuwa, cinsu da suturarsu na wuyan ubangidansu. Ba wanda ya kaɗa a banza.

Yau irin wannan riƙo ya ja baya. Liƙin ma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta shi, da ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000. Ga hayar lasifika, ga man janareta, ga sallamar 'yan amshi.

Waƙar ce ta fi cutuwa. Mawaƙin da ke jiran liƙi, idonsa na kan aljihu. Sai ya datse baiti mai ma'ana don ya wasa wanda ya miƙe da damin kuɗi. A yanka masa ladansa tun kafin a rataya kalangu, hankalinsa ya koma kan baitinsa.