Raɗaɗin baki da ƙwayar alfa-lifoyik asid: a duba jini tukuna

Gwaggota a Wara ta yi kusan shekara tana cewa harshenta na zugi kamar ta kurɓi tafasasshen shayi, amma in ka leƙa bakin ba ƙurji ba ja. Wani mai kemis ya ba ta kwalbar alfa-lifoyik asid, ya ce "an gwada a Turai". Gaskiya ne an gwada. Sai dai ni na zauna na karanta gwaje-gwajen, kuma ban gamsu ba.

Likitoci sun san wannan cuta ta raɗaɗin baki. Ta fi kama mata bayan sun daina al'ada, kuma ana alaƙanta ta da matsala a ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga harshe. Shi alfa-lifoyik asid sinadari ne da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma a Jamus an daɗe ana ba masu ciwon suga shi don zugin jijiya. Nan tunanin ya samo asali: in ya taimaki jijiyar ƙafa, me zai hana ta harshe?

A 2002 Femiano da Scully suka gwada shi a kan mutum 60, miligiram 600 kullum na wata biyu, suka ce mafi yawa sun samu sauƙi. Matsalar ita ce, kyawawan sakamakon farko kusan duk daga rukunin Femiano na birnin Naples a Italiya suka fito. Da wasu suka maimaita a 2009, a Turin da Murcia ta Sifaniya da São Paulo ta Brazil, ba su ga bambanci tsakaninsa da ƙwayar bogi ba. Waɗanda suka sha ta bogin ma da yawa sun ce sun ji sauƙi. A 2015 wani gwaji a Madrid ya sake nuna amfani, amma bitar Cochrane ta 2016 ta ce hujjar ba ta da ƙarfin da za a yanke hukunci a kanta.

Ga abin da ya fi damuna. A waɗancan gwaje-gwaje sai an tantance mutum, an tabbatar ba wata cuta ce ke sa zugin ba, kafin a sa shi ciki. Ƙarancin sinadarin ayon, ko bitamin B12, ko folik asid, ciwon suga, bushewar baki, cutar kandida, har wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril, duk suna iya kawo shi. Mu kuwa a gaɓar tafkin Kainji, daga Ngaski zuwa Yauri, zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da tsutsar ciki suna rage wa mutane jini. Ka ga ke nan matar da jininta ya yi ƙasa za ta iya shafe watanni tana zuba kuɗi a kwalba, asalin ciwon na nan yana cin ta. Kuma ƙwayar na iya sauke suga, wanda haɗari ne ga mai shan maganin suga.

Don haka in uwarka ko ke kanki kuna fama da wannan, ku fara da asibiti: a auna jini da suga, a duba baki, a duba magungunan da ake sha. In duk sun fita lafiya, to a tattauna ƙwayar da likita. Gwaggota dai awon jini muka fara kai ta.