Abin Da Ake Naɗewa Idan Dillali Zai Shigo

Duk telan da ke da keke a bakin kasuwa ya san lokutan da ƙarƙashin teburinsa ke cika da ƙyallaye: goman ƙarshe ta azumi, da makonnin bayan girbi, sa'ad da kuɗin masara suka shigo hannu aka shiga ɗaure-ɗauren aure. Guntun atamfa, bakin shadda, ragowar yadin makaranta, wani ya kai tafin hannu, wani bai kai ba. A birni yawancinsu bola suke tafiya, ko a cusa su a matashin kai. A ƙauye kuwa, har da Saminakar ƙasar Birnin Gwari, ba ta Lere da aka fi sani ba, akwai gidajen da ake aika yarinya da leda ta kwaso su, in an ga dama a ba yaron tela na goro.

Abin da ake yi da su a cikin gida aikin mai haƙuri ne. Mai ɗinkin takan fara wanke ƙyallayen ta shanya, ta ware masu kauri daban, marasa kauri daban. Sai ta daidaita bakinsu da almakashi, wasu murabba'i wasu dogaye, ta riƙa haɗa su layi-layi, da allura ko da keken ƙafa in akwai shi a gidan. Idan fuskar ta kai faɗin katifa, a shimfiɗa tsohon zani a ƙasa ya zama shafi, a sa wani a tsakiya don nauyi, a ɗora fuskar a sama. Daga nan ne aikin gaske yake farawa, domin sai an bi duka ukun da ɗinki daga wannan baki zuwa wancan, layi kusa da layi. In ba haka ba, wanki ɗaya na tsakiyar zai tattare ya dunƙule a gefe guda. Wadda ta ƙware, tazarar ɗinkinta ba ta wuce yatsa biyu, kuma ba ka ganin ƙulli a fuska. In an gama a kalmashe baki. Abin da ya fito shi ne bargon hunturu na yara, ko shimfiɗar jariri, ko zanen gado in ba a sa na tsakiya ba. Wata tana yi ne don buƙata, wata don ɗebe kewa tsakanin azahar da la'asar, yawanci kuma duka biyun ne.

Yanzu abin ya zama yayi, sai dai ba a inda aka saba yin sa ba. Masu ɗinkin zamani a Abuja da Legas da Kaduna suna haɗa atamfa kala-kala a riga ɗaya, da jaka, da rigar filo, su sa hoto a Instagram a saya da tsada. Masana'antu ma sun lura: akwai atamfar da ake bugawa da zanen haɗe-haɗe, ka hange ta ka rantse allura ce ta haɗa ta, alhali ƙyalle guda ne. Mutanen Gana sun daɗe da irin wannan ɗinki, haka ma mabiya Shehu Ibra Fall a Sanagal, waɗanda da rigarsu ta haɗe-haɗe ake gane su tun daga nesa. Amma a gidan da aka ɓata makonni ana ɗinka na ainihin, shi ne abin da ake fara naɗewa a tura ƙarƙashin gado idan baƙo zai shigo. Kuma babu baƙon da ake yi wa wannan rawar jiki kamar mai sayen gida.

Maganar sayar da gida a ƙasar Birnin Gwari ba ƙarama ba ce. Shekara da shekaru hanyar Kaduna da ta Funtuwa sun yi fama da 'yan bindigar da ke fitowa daga dazukan Kamuku da Kuyambana. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako a ƙaramar hukumar, ta hana hawa babur, a ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya. Mutanen ƙauye suka kwararo cikin gari, masu hali na cikin gari suka wuce Kaduna da Zariya da Funtuwa, wanda ya tashi kuwa yakan bar gida a hannun ɗan'uwa ko dillali. Bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sanar a watan Nuwamba na 2024, da buɗe kasuwar shanun da ta yi kusan shekara goma a rufe, ƙafa ta fara dawowa. Wani na son komawa gidansa. Wani ya riga ya kafu inda ya je, so yake ya rabu da na baya. Ga kuma gidajen gado da magada ke jira a yi wa kuɗi a raba.

Shirin sayarwa na da sananne ne. A kira magini ya yi yaɓe inda damina ta ci, a gyara indararo, a yashe rijiya, a shafa farar ƙasa a zaure. Mai saye ya zo da dillali da wani dattijo, a yi sallama, mata su koma ɗaki guda, a zaga a fita. In an daidaita a rubuta takarda gaban mai unguwa ko dagaci, dillali ya karɓi la'adarsa, mai son takardar gwamnati ya nufi KADGIS a Kaduna. Waya ce ta sauya wannan. Dillalin yau da bidiyo yake ciniki, yana tura wa Alhajin da ke Kaduna ta WhatsApp, kyamara kuma tana kutsawa har ƙuryar da mai saye ba ya leƙawa a da. Daga nan ne ake jin irin maganar nan daga bakin ƙofa: "Inna, don Allah a ɗan ɗauke wannan tsumman a shimfiɗa na kanti, hoto za mu ɗauka."

Ko ya sani ko bai sani ba, dillalin karatun takwarorinsa na Amurka yake biyawa. Wata dillaliyar gidaje ta yankin Siyatil, Barb Schwarz, ita ake dangantawa da mayar da ƙawata gidan sayarwa sana'a mai zaman kanta tun farkon shekarun 1970, kuma babbar ƙa'idar sana'ar ita ce a kawar da duk abin da ke nuna wane ne mai gidan, daga hotunan iyali har bargon da kaka ta ɗinka, don mai saye ya hango kansa a ciki. A can maganar tana da gindi, tunda miji da mata ne ke shiga ɗakin kwana su tsaya su duba. A nan kuwa fili ake saya, da ƙarfin gini, da rufi, da ruwa, da maƙwabta. Zanen gado bai taɓa shiga ciniki ba, kuma ba zai shiga ba, domin kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata ko hannunta ya yi mata, ranar tashi kuma tare da ita za su hau mota.

A ganin mai wannan rubutu, an bar abin kunya an kama wanda ba shi ba. Abin da ya kamata mai gida ya ji nauyinsa shi ne fentin da ake shafawa a kan tsagewar bango ana saura kwana biyu mai saye ya zo, da sabon silin da ake bugawa a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo. Kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san labarin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu a tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi, malaman Malikiyya kuma sun ba mai saye damar mayar da kaya idan aka ɓoye masa aibi. Bargon ƙyallaye ba ya rufe aibin kowa. Iyakar laifinsa shi ne yana nuna cewa matar gidan ba ta zubar da abin da ke da sauran amfani.

Wannan kunyar ma baƙuwa ce. Ɗinkin da ake cusa abu a tsakiya a bi shi layi-layi ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma a fada ya yi suna. Shi ne lifidi, wanda ake cusa wa auduga ko audugar rimi a lulluɓe doki da mahayinsa don kibiya ta rasa wurin shiga. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da shi tare da kwalkwali da sulke, har yau kuma 'yan lifida suna fita hawan Sallah a Kano da Zazzau da Katsina. Dabarar guda ce da ta matan Saminaka: fuska, ciki, shafi, sai ɗinkin da ke riƙe su. A Sudan, mayaƙan Mahadi na shekarun 1880 sun fara da jibba mai maho don nuna gudun duniya, daga baya mahon ya zama ado da alamar runduna, wasu daga cikin rigunan kuma suna gidajen tarihi na Ingila. Namiji ya yi wa doki ana masa kirari, mace ta yi wa jariri ana ce mata ta ɗauke tsumma.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowane bargon haɗe-haɗe ne abin nunawa ba, kuma laifin ba na hannu ba ne kaɗai. Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, wato Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da UNTL, da Arewa Textiles, ƙyallen da ke faɗowa daga teburin tela yawanci auduga ce, kaurinsa kusan ɗaya, halinsa a ruwa ɗaya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kasuwa ta koma hannun yadin waje, musamman na Sin, wanda da yawansa roba ce ko gauraye. Ka haɗa guntun auduga da na roba, wanki uku sai ɗaya ya tsuke ɗaya ya tsaya, bargon ya karkace. Wani yadin yana zuba, ja ya bi fari ya ɓata aikin wata guda. Wani santsi gare shi, allura ba ta zama. Shi ya sa wankin farko da rarrabewa suka fi komai muhimmanci a yau, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Akwai kuma masu cusa leshi mai duwatsu a shimfiɗar jariri don ƙyalli, abin da bai dace ba ko kaɗan. Irin waɗannan, bargon kanti ko na gwanjo ya fi su, kuma ya fi araha.

Mai kyau ɗin fa, nawa ne kuɗinsa? Nan ne gizo ke saƙa. Mai ɗinkin hula ta san farashinta, domin akwai ɗan kasuwar da ke kawo zare ya karɓi hula, akwai kasuwar da ke jira. Matan cikin birnin Zariya da suka haɗu a 1994 da sunan Queen Amina Embroiderers sun ɗauki ɗinkin babbar riga suka sa shi a rigar filo da kayan ado na gida, suka sami masu saye har ƙasashen waje. Bargon ƙyallaye bai sami wannan gata ba. Dillaliyar da ke yawo gida-gida da kayan ɗaki yadi take yi wa kuɗi, ba ɗinki ba, yadin kuwa kowa ya san daga ƙarƙashin tebur aka kwaso shi.

Haka matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, suka yi zamani bayan zamani suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhuna don maganin sanyi, ba wanda ya kula. A 2002 aka baje aikinsu a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan ya wuce New York, a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga shi a kan kan sarki. Amma a 2007 wasu daga cikin matan suka kai waɗanda suka yi musu dillanci ƙara kotu a kan kuɗi da haƙƙin aikinsu. Wannan rabin labarin na biyu shi ya fi shafar ƙasar Birnin Gwari, inda mai waya da mai allura ba mutum ɗaya ba ne.

Domin wayar da ta shiga ƙurya tana iya kawo mai sayen bargo yadda take kawo mai sayen gida. Idan aka bar shi a shimfiɗe, Hajiyar da ke kallon bidiyon tare da Alhaji a Kaduna ta tambaya, ciniki na biyu ke nan ya taso, kuma ba na mai gida ba ne, ba na dillali ba ne. A shiga ciki a yi sallama da mai shi, ta faɗi makonnin da ta yi a kansa da kuɗin zaren da ta kashe, ta sa farashinta. In dillali na son la'ada a wannan ma, a yanka masa gaban shaida kafin bargon ya bar ɗakin.